Magajin Garin da Ya Rufe Gada

6 ga Fabrairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Maman 'yan biyu da yaran duka. Ni dai alhamdu lillahi, sai ciwon baya irin na mai aikin tsaye.

Wata huɗu ke nan rabona da ganin rubutunka. Na san za ka ce aiki. To ni ma ba zaman banza nake ba, gado ashirin da biyu ne a hannuna a ɗakin masu gyambo da karaya, amma ga shi na zauna na rubuto. Kada ka ce in yi waya. Daga wannan asibitin namu na bayan duwatsu sai na yi tafiyar awa biyu a mota kafin in kai gidan waya, in na samu layi kuma sakatarenka ya ce mini mai girma magajin gari yana taro. Mai girman da na goya, na share wa majina.

Rannan wata abokiyar aikina ta zo da takalmi a naɗe cikin tsohuwar jarida, sai ga hotonka kana yanka zare a ƙofar sabuwar kasuwa. Na bi ɗaki ɗaki ina nunawa. Na ce musu wannan da kuke gani da dogon takalmin roba ya fara, yana leƙa kwalbati yana rubuta wadda ta toshe, shekara goma sha ɗaya, kafin 'yan unguwa su tura shi kansila. Na ba su labarin taronka na farko, da ka hau kan durom ka yi wa mutum bakwai jawabi, uku daga ciki mu ne 'yan gida. Ba su yarda ba.

Sai dai idon nas ba ya hutu. A hoton na ga ka karkata nauyinka duka kan ƙafar dama. Yaya ta hagun? Gyambon ya rufe? Mai ciwon sukari ba ya wasa da ƙafa, Auta. Ka tuna yadda aka yi da Baba.

Ka rubuto, ko layi biyar ne.

Yayarka

24 ga Fabrairu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni, na karanta ta sau biyu a cikin mota. Kowa lafiya, Maman 'yan biyu na gaishe ki, ta ce ta gode da kika yi mini faɗan da ita ta gaji da yi.

Mutum takwas ne a taron nan, ba bakwai ba. Kin manta mai gyaran keken da muka tare wa ƙofar shago, wanda ya tsaya jiran in sauka ya karɓi durom ɗinsa.

Ki yi haƙuri da shirun. Shekara uku da rabi ke nan a kujerar nan, kuma kullum sai na ga kamar jiya na zo. Birni mai mutum miliyan huɗu, kowa da abin da yake so yau yau. Da ina duba kwalbati, in na ce ta toshe to ta toshe, ba mai musu. Yanzu in na ce rana ta fito sai an kafa kwamiti.

Maganar ƙafa kuwa, idonki bai yi ƙarya ba. Gyambon ya daɗe bai rufe ba, likita yana ta faɗa wai na cika tsayuwa.

Na sa an kawo ƙwararru sun duba ta da na'ura, ciki da waje. Abin da suka gani bai yi daɗi ba, Yaya. Ƙafar ta ruɓe daga ciki, a ido ne kawai take da kyan gani. Sun ce gyara ba zai yi ba, sai an cire ta gaba ɗaya. Shugaban jam'iyya ya zo har gida ya ce in rufe bakina sai bayan zaɓe, tunda ta kai yau ba ta faɗi ba za ta kai baɗi. Na ce masa ba zan jira ba. Ranar Litinin za a fara. Sun ce wata tara kafin komai ya koma daidai.

Ban sani ba ko kujerar za ta jira ni wata tara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki

9 ga Maris

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ma san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yaya jikin?

A tsaye na karanta wasiƙarka a bakin ɗakin magani, sai da wata ta jawo mini kujera. Washegari da sassafe na shiga mota zuwa gidan waya. Sakatarenka ya ɗauka, na ce ina kake, ya ce kana can wajen aikin ƙafar tun safe, an killace wurin ba a barin kowa ya matso. Na ce an riga an fara? Ya ce tun Litinin, kuma abin ya fi yadda aka zata muni. Sai layi ya yanke. Na zauna a kan bencin gidan waya na yi kuka kamar yarinya, mutane na tsallake ni.

Wane irin aiki ne ake yi tun Litinin ba a gama ba? Su wane ne ƙwararrun? Daga ina za a yanke, ƙasan gwiwa ko sama? Shekara talatin ina wanke gyambo, amma ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya rasa ƙafa ba a tambaye ni ba, sai dai a gaya mini a ƙarshen wasiƙa bayan labarin mai gyaran keke.

Shi kuma shugaban jam'iyyar taku, Allah ya shirye shi. Mutum na ruɓewa yana lissafin zaɓe.

Na nemi hutu, shugabar nas ta ce sai an samo wadda za ta riƙe ɗakina, watakila mako uku. Na riga na haɗa jaka. Ka gaya wa Maman 'yan biyu ta riƙa juya ka a gado, kada ta bari ka kwana a gefe ɗaya. Kujera kuwa su ɗauki abarsu. Ni kai nake so, da ƙafa ɗaya ko biyu.

Yayarka

22 ga Maris

Yaya,

Ki kwance jakar. Ƙafafuna biyu suna nan, da su na taka na kai wannan wasiƙa gidan waya da kaina. Gyambon ma ya rufe, saura tabo.

Da na karanta wasiƙarki na kasa gane kanta, sai da na kira sakatare muka birkice teburina. Shafi uku na rubuta miki. Na tsakiyar ya maƙale a cikin rahoton wata injiniya, shi kuma sakataren, bawan Allah, ya naɗe sauran biyun ya liƙe ambulan. Ga shi nan na haɗo miki. Ƙafar da ta ruɓe ta babbar gada ce, Yaya, wadda Baba ke tsallakawa da mu a keke, ke a baya ni a kan ƙarfe. Ƙafa huɗu gare ta a cikin kogi, ta ukun ce ta lalace.

Maman 'yan biyu ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni ma na taya ta. Amma da na sake duba takardarki na ga inda tawada ta jiƙe, sai dariyar ta tsaya mini. Ki yafe mini. Sakatare kuwa ya ce a ba ki haƙuri, kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ni.

Yanzu ga ainihin maganar. Injiniyar da ke kula da gadojin birni, wata mace ce marar yawan magana, ita ta shigo ofishina da rahoto ta ajiye, ta ce ruwa ya daɗe yana shiga ta wata tsaga, ƙarafan ciki sun yi tsatsa sun kumbura. Na tambaye ta yaushe za ta faɗi. Ta ce ba ta sani ba, zai iya zama shekara biyar, zai iya zama ranar Laraba. Na ce in ke ce a kujerata fa? Ta ce ita dai ta daina bi ta kai tun watan jiya.

Na rufe gadar. Kin san rabin birni na kwana a wannan gefen, yana aiki a wancan. Yanzu kowa sai ya zagaya ta ƙaramar gadar sama, tafiyar minti ashirin ta koma awa biyu. Direbobin bas sun yi yajin aiki kwana uku. An jefi motata da dutse a gaban kasuwar da na yanka wa zare. Matan da suka yi mini rawa ranar da na ci zaɓe, su ne suka zo suka zauna a matakalar ofis da kwandunan kayan da suka lalace a hanya. Ban ga laifinsu ba.

Kansiloli sun kawo takardar tsige ni. Su talatin da ɗaya ne, ana bukatar ashirin da ɗaya, sun riga sun samu sha tara. Wanda ya kawo takardar tare muka shiga majalisa, shekara takwas muna zama benci ɗaya. Cewa suke na ƙirƙiro aikin ne don in ba wani nawa kwangila. Na raba musu rahoton, shafi sittin, na san ko bangon ba su buɗe ba.

Abin da ba na iya gaya wa kowa sai ke: kullum na wuce na hango gadar tana tsaye ƙyam, fes da ita, sai gabana ya faɗi. In Injiniya ta yi kuskure fa? In na wahalar da mutum miliyan huɗu a banza?

Za a kaɗa ƙuri'a ranar sha biyar ga watan gobe.

Ƙanenki mai ƙafa biyu

2 ga Afrilu

Auta,

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na yi sujada a kan simintin ɗakin magani, masu jinya suna leƙe. Ina gaida kowa. Sakatarenka kuma ka ce masa na yafe, amma ranar da na zo kada ya bari mu haɗu.

Duk asibitin nan an san labari. Mutanen da suka yi mini jaje, har da wadda ta ba ni sandar mijinta marigayi in kai maka, yanzu in na wuce sai su tambaye ni ya jikin gada.

Na karanta shafin da ya ɓata. Ban san aikin gada ba, amma na san wannan rigimar, don kusan kowane wata sai na yi irinta. A kawo mutum, likita ya ce sai an yi aiki, dangi su taru a baranda su ce atafau, ai jiya ma da ƙafarsa ya je gona. Ka karanta musu takardar gwaji har ka gaji, ba za su ji ba, kuma ba mugunta ba ce, abin da suke gani lafiyayyen bandeji ne fari tas. Ni ba na musu da su. Nakan zaɓi wanda ya fi kowa ɗaga murya, in kira shi ciki, in ce ya riƙe mini tasa. Sai in kwance bandejin a gabansa. Ban taɓa yin bayani bayan wannan ba. Shi ke fita ya yi wa sauran.

Kai da ka yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin titi, yaushe ka koma mai raba takarda shafi sittin?

Tsoron da kake ji kuwa, ka bar shi a wurinsa, ba zai tafi ba. In Injiniya ta yi kuskure, za a zage ka shekara biyu a manta. In ta yi daidai ka bar gadar a buɗe, ni ba na son in ƙarasa wannan layin.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Tsige mutum ba ya hana sukari hawa.

Yayarka

11 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, na san kin ƙirga kwanakin. Lafiyarmu ƙalau. Wannan karon na sa wa shafukan lamba, ki duba.

Ba a tsige ni ba.

Kwana biyu kafin ƙuri'a na rubuta wa majalisa cewa ina da haƙƙin kare kaina, kuma a ƙarƙashin gada zan yi. Sun yi ta gunaguni, amma 'yan jarida sun ji, ba wanda ya so a ce ya gudu. Ruwa ya ja baya a lokacin, masu aiki sun shimfiɗa katako har gindin ƙafa ta uku. Kin ga kansiloli da manyan riguna da takalma masu sheƙi suna bin katako ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tattare gefen rigarsa. Na gayyato shugaban direbobi ma, wanda ya ja yajin aiki.

Ban yi jawabi ba. Injiniya ta ciro ƙaramar guduma daga jakarta, na karɓa na miƙa wa abokina da ya kawo takardar tsigewa. Na ce ya zaɓi duk inda ya ga dama. Ya zagaya, ya zaɓi inda ya fi sumul, ya ƙwanƙwasa a hankali. Sai wurin ya amsa kamar an buga tulun da ba komai ciki. Ya ƙara da ƙarfi. Wani ɓangaren siminti kamar faɗin tire ya ɓalle ya faɗo gaban takalminsa. Ƙarfen da ke ciki, wanda ya kamata ya kai kaurin hannuna, da abokina ya sa yatsa ya taɓa, sai ya ruguje masa a tafi kamar busasshen ganye.

Kowa ya ɗaga kai yana kallon abin da ke samanmu, wasu suka fara ja da baya. Shugaban direbobi ya matso ya ɗebi garin tsatsar ya murza. Ya tambayi Injiniya tun yaushe take haka, ta ce aƙalla shekara biyu. Ya ce, “Sau takwas nake hawa ta a rana, da mutum sittin a bayana.” Ya zuba garin a aljihun rigarsa, ya ce zai kai tasha.

Ranar ƙuri'a sun samu sha huɗu. Abokina bai ɗaga hannu ba, bai kuma zo ya ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da na dawo gida na zauna a kujera da takalmina, ban farka ba sai da aka kira la'asar.

Sai dai ba duka aka samu ba. Shugaban jam'iyya ya kira ni ya ce ya yarda gadar ta lalace, amma mutumin da ke awa biyu a hanya kullum ba zai zaɓi wanda ya sa shi ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sun ba mataimakina takara. Ina gama wa'adina a watan Oktoba in sauka.

Ƙanenki

28 ga Mayu

Auta,

Na gode wa Allah, na kuma gode da lambar shafi. Ina lafiya, bayan ma ya yi sauƙi.

Labarin gudumar na karanta wa masu jinya da babbar murya, wani tsoho mai karaya ya ce a maimaita masa wajen da simintin ya faɗo.

Amma layinka na ƙarshe gajere ne ƙwarai, kuma na san ka. Tun kana ƙarami in abu ya yi maka ciwo sai ka faɗe shi a taƙaice ka fita waje. Shekara ashirin ka ba jam'iyyar nan. Gaya mini gaskiya, yaya zuciyarka? In kana jin haushi ka ji, ba laifi ba ne. Kada dai ka haɗiye shi kai kaɗai.

Yayarka

14 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sukari ya sauka har likita na tambaya ko na canza magani. Na ce masa ofis na canza.

Kin tambaye ni zuciyata, na ƙi amsawa a wasiƙun da suka biyo baya, na yi ta ba ki labarin siminti da ƙarfe. Yau zan amsa. Na ji ciwo, Yaya. Ranar da na kwashe kayana, kwali biyu kacal, na tsaya a matakala ina jiran mota, sai na tuna motar ba tawa ba ce. Mako biyu ina tashi da sassafe in sa riga, in rasa inda za ni. Wayar gida da ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba ta yi tsit, har Maman 'yan biyu ta ɗaga ta ji ko ta lalace.

Amma abin ya wuce, kuma na san ranar da ya wuce.

An buɗe gadar ranar Asabar da ta gabata. Sabon magajin gari ne ya yanka zare, sunansa ne a jikin allon. An aiko mini da kati, kujerata a layi na huɗu, ban je ba. Ranar Litinin na sa tsohuwar riga da hula na je tasha na hau bas kamar kowa. Ba wanda ya gane ni. Ashe ba fuskata mutane suka sani ba, jiniya suka sani.

Wata tsohuwa ta zauna kusa da ni da kwandon tumatir a cinya. Tun kafin mota ta tashi ta fara. Ta ce wata tara tana fita kafin gari ya waye, ta isa kasuwa rana ta take, rabin kayanta ya narke. Ta ce tsohon magajin garin nan ba ya tsoron Allah, shi yana cikin mota mai sanyi ina zai san wahalar talaka. Ta yaba wa sabon, ta ce daga hawansa ga gada ta buɗe. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, “Kai ma ka sha wuya a hannunsa, ko, ɗana?”

Na ce, “Na sha, Inna.”

Na jira in ji haushi ya taso, bai taso ba. Na karɓi kwandon na ɗora a cinyata don ta miƙe ƙafa. Bas ɗin cike yake, 'yan makaranta a tsaye suna ta surutu, wani na cin gyaɗa, wata na gyara wa jaririnta hula. Muka hau gada. Ba wanda ya leƙa taga, ba wanda ya yi shiru, ni kaɗai na san lokacin da muka zo kan ƙafa ta uku. Kafin nan tsohuwar ta riga ta yi barci, kanta a kafaɗata, bakinta a ɗan buɗe. Ban motsa ba har muka sauka a wancan gefen.

Ina nan tafe wurinki farkon wata, ni da Maman 'yan biyu. Ba sai kin zo tarba ba, za mu tambaya.

Ƙanenki,
Auta